Shekarar da Inna Ta Bi Shamuwa Kudu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ara mini kwanakin da na kai yau. Na sa a rubuta wannan ne saboda wata magana da na ji a bakin ɗaya daga cikinku ranar sunan ɗiyar Sa'a. Ana hirar dangi, sai na ji an ce ai kakar nan tamu ta kudu guduwa ta yi ta bar ɗiyarta. Ban tanka ba a ranar, don gida cike yake da baƙi. Amma ni ce ɗiyar da ake cewa an bari, kuma duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga ni tafiya. In na yi shiru, haka maganar za ta zauna a bakin 'ya'yanku.

Gidanmu yana wani ƙauye yamma da Dungas, kan hanyar Magarya, a gefen wani tafki da ba ya ƙafewa sai bazara ta yi nisa. Babana Isufu manomi ne. Yana da 'yan shanunsa kafin ciwon nan da ya share garkunan ƙasa ya shigo, bayan nan kuwa sai gona da jaki ɗaya. Mata biyu ne a gidan. Iya Habsu ce uwargida, 'yar garin, mace mai faɗa a baki da sanyin zuciya, wadda ta haihu sau da yawa amma Allah bai bar mata ko ɗaya ba. Ta biyun ita ce mahaifiyata. Ni Inna nake ce mata, mutanen gari kuma suna kiran ta Alheri, ko da yake ba shi ne sunan da uwarta ta sa mata ba. Baiwa ce aka kamo daga kudu, can bayan kogin Binuwai, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har ta faɗo gidanmu. Baba ya sa ta a ɗaka, ta haife ni. Ban ɓoye muku wannan ba, ku ma kada ku ɓoye wa naku. Ba ita ta yi abin kunya ba.

A tsakar gidanmu akwai wata babbar tsamiya, kuma shamuwa ta mai da ita gidanta tun kafin a haife ni. Idan zafi ya kai inda mutum ba ya iya taka ƙasa da rana, sai wata safiya ka ji motsi a sama, ka ɗaga kai ka ga baƙin tsuntsu mai farin ciki yana gyara tsohuwar sheƙarsa. Ranar nan gari ya kan canza. Maza su fito da hauya su kai wa maƙeri, mata su buɗe rumbu su duba iri. Ba a jifar shamuwa, ba a taɓa ƙwanta, yaron da ya hau bishiyar kuwa zai sha bulala a hannun duk babban da ya fara ganin sa. Iya Habsu kan yi ta mita a kan kashin da suke zuba mata kusa da turmi, amma ran da wani ɗan shamuwa ya faɗo daga sheƙa, ita ce ta sa shi a ƙwarya ta yi ta ba shi fara har ya yi fiffike. Abin da ba a sani ba shi ne inda take zuwa idan an yi girbi. Wasu su ce gabas take yi, Makka. Wasu su ce tsakiyar Tafkin Chadi take ɓuya. A kan yi gardamar a gindin bishiya a tashi ba a raba ba.

Baba ba ya shiga wannan gardama, shi labarinsa na tsuntsayen arewa ne. Da ƙuruciyarsa ya taɓa bin ayarin raƙuma sau ɗaya har Tarabulus, yana yi wa wani Balarabe mai fataucin fata da gashin jimina hidima. Idan muna ɓarar gyaɗa da la'asar ya kan ba mu labarin yadda a tsakiyar rairayi, inda babu ciyawa babu inuwa, ƙananan tsuntsaye suke faɗowa a kan kayan raƙuma, sun gaji har ka sa hannu ka ɗauke su ba su motsa ba. Ya ce su kan zuba musu ɗan ruwa a murfin tulu, tsuntsu ya sha, ya huta, ya tashi ya yi kudu. A Tarabulus masu jiragen ruwa suka gaya masa cewa daga ƙasar Nasara suke, sai sun ƙetare bahar ɗin gishiri gaba ɗaya kafin su kama hamada, sanyi suke gudu. Ya ce su ne waɗannan agwagin ruwa da 'yan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da suke cika tafkinmu bayan kaka. Su baƙin rani ne, shamuwa baƙuwar damina, ɗaya na fita ɗaya na shiga. Amma in aka tambaye shi ina shamuwa take zuwa, sai ya ce wannan kam bai kai can ba. Inna tana zaune tana ɓarar gyaɗarta, ba ta taɓa sa baki ba.

Shekarar da nake so in ba ku labarinta, ina kamar shekara goma. Nasara ba su shigo Damagaram ba tukuna. Da bazarar shekarar mun dawo daga rijiya ni da Inna, tulu a kanta, ƙwarya a kaina, sai muka ga shamuwar farko tana sauka a kan tsamiya. Inna ta tsaya cak a ƙofar gida har ruwa ya fara zuba mata a wuya. Sai na ji ta ce, ba da ni take ba sosai:

"Ta garinmu ta biyo."

Na tambaye ta wane gari. Ta sauke tulun, ta zauna a kan turmi, ranar ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Ta ce garinsu a gindin duwatsu yake, ƙasarsu ja ce, ciyawa kuwa tana fin mutum tsayi. Idan ruwa ya ɗauke aka fara ƙona daji, sai wannan tsuntsu ya sauko musu da yawa, har ƙasa ta yi baƙi, yana bin bakin wuta yana kama farar da ke gudu. Ya yi 'yan kwanaki ya ƙara gaba, kudu da su, inda ko tsofaffinsu ba su san ƙarshensa ba. Idan hadari ya fara haɗuwa kuma ya sake ratsowa ya yi arewa. Ba wanda ya taɓa ganin sheƙarsa ko ƙwansa, shi ya sa a can suke ce masa tsuntsun da ba shi da gida. Ta ce ran da aka shigo da ita gidanmu, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, abincin baƙo ne, fuskokin baƙi ne, ko bishiyoyin ba ta san su ba. Da ta ɗaga kai sai ta gan shi kwance a kan ƙwai. Shi ne abu na farko da ta gane a ƙasar nan.

Daga nan ta ce mini ina da wa. Yana fara tafiya ne lokacin da mahara suka same ta a bakin rafi. Da safen ta bar shi wurin uwarta a gida, don yana ɗan zazzaɓi, abin da ya sa ba a kama su tare ba ke nan. Tun ranar ba ta sake jin labarinsa ba. Ta ce duk shekara in shamuwa ta iso, ta kan ce a ranta ƙila wannan ta gan shi, in kuma za ta tafi ta kan bi ta da ido har ta ɓace. Ta faɗi haka ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗauki tulunta ta shiga ciki, ta ce in zo in kama mata tankaɗe.

Damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai, sai Baba ya kwanta. Zazzaɓi ne mai zafi, bai yi sati ba Allah Ya karɓi abinSa. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Bayan an share makoki, ƙanensa Baffa Mamman ya tara mu a zaure tare da liman. Liman ya ce a shari'a, baiwar da ta haihu da ubangijinta, ran da ya rasu ta zama 'ya, ba mai gadon ta, ba mai sayar da ita. Baffa ya ce ya ji ya kuma yarda. Ya ce wa Inna ɗakinta nata ne, rabona na gona yana hannunsa amana, kuma in tana son aure a garin ba za a rasa mutumin kirki ba. Inna ta yi godiya, ta koma ɗaki. Iya Habsu ce ta yi ta murna, ta ce yanzu sai su zauna su biyu su tsufa tare su aurar da ni.

Da aka fara yankan gero sai Madugu Tanko ya zo ta'aziyya. Abokin Baba ne tun na ƙuruciya, shi ke jan ayarin jakai masu kai kanwa da tufafi ƙasar Adamawa. Yana zaune a zaure, Inna ta zo ta durƙusa a bayan zana ta gaishe shi, sannan ta kwatanta masa wani dutse mai kai biyu da rafin da ke zagaye shi. Madugu ya ce ya san dutsen, akwai wata kasuwa kusa da shi inda mutanen tudu ke saukowa da zuma da ƙarfe. Ta tambaye shi ko zai tafi da ita. Ya ce mata tafiyar watanni ce, da ƙafa, kuma tsagen da ke fuskarta zai sa duk wanda ya gan ta ya san daga inda ta fito. A cikin ayari zai ce ta gidansa ce, ba mai taɓa ta, amma ran da ta rabu da ayari ba shi da ikon kare ta. Ya ce kuma ta sani, ƙila ta je ta tarar ba kowa. Ta ce ta sani.

Gidan ya yi kwanaki ba daɗi. Iya Habsu ta daina yi mata magana, sai dai ta yi da tukunya da muciya yadda Inna za ta ji. Tana cewa mutum ya samu kansa bayan shekara da shekaru, ya rasa abin da zai yi da shi sai ya kai wa masu igiya. Tana cewa yaron da ake magana, in yana raye, ai ya zama mai gemu, bai san fuskar kowa ba, ga kuwa yarinya a gaba tana buƙatar uwa. Baffa Mamman ya ce shi ba zai ɗaure 'ya ba, amma ni jinin ɗan'uwansa ce, ba zan taka hanyar da za a iya sayar da ni ba. Inna ta ce ko ya yarda ita ba za ta ɗauke ni ba, ta san hanyar, ta bi ta sau ɗaya.

Ni ba wanda ya tambaye ni sai ita. Muna roron wake a gona da hantsi, ta zauna a kan kunya ta ce in zo kusa.

"Dije, ke kina da Iya, kina da Baffa, kin san inda aka binne ubanki. Shi bai san ko ina duniya ba. Amma in kin ce kada in je, na fasa, kuma ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Na daɗe ina murza kwanson wake a hannuna. Na tambaye ta ko za ta dawo.

"Ina so in dawo. Amma hanya ba a hannuna take ba, ba zan yi miki alkawarin abin da ban mallaka ba."

Na tuna yadda take tsayawa a ƙofar gida tana kallon sama, na gane ko ta zauna haka za ta yi ta tsayawa har ta mutu. Na ce ta je, in ta gan shi ta gaya masa yana da ƙanwa. Ta sa hannu a kaina ta bar shi a can. Muka ci gaba da roro har kwando ya cika.

Ana gobe za su tashi, Iya Habsu ta fito da tabarma tsakar gida ta ce wa Inna ta zo ta zauna, ba za ta shiga ƙasar mutane da wannan kan ba. Ta yi mata kitso ƙanana masu daɗewa, tana yi tana faɗa, tana ja da ƙarfi, hawaye na ɗiga a kan gashin. Ta buɗe adudunta ta fiddo zanen saƙinta da ba ta ɗaurawa sai da salla ta ba ta. Ta daka mata gumba da ƙuli-ƙuli ta ɗure a burgami. Da safe, rana ta fito sarai, mutanen unguwa suka taru a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, Baffa Mamman da kansa ya ɗora kayanta a kan jakin Madugu. To ku ji da kyau: wanda zai gudu ba a yi masa kitso, ba a yi masa addu'a a bainar jama'a. Da izini ta tafi, har da nawa. A satin nan ne shamuwa suka taru a bakin tafki, suka yi ta kewaya sama suna ƙara nisa har suka zama kamar ƙudaje, suka yi kudu. Inna ta bi bayan jakai a hanyar da suka bi. Ba ta waiwaya ba sai da ta kai wata kuka da ke bakin gonaki. A nan ta juyo ta tsaya kaɗan, sannan ta wuce.

Rani ya shigo, agwagin arewa suka cika tafki kamar yadda suka saba. Na koma ɗakin Iya da kwana. Ba ta rage ni da komai ba, ita ta koya mini kaɗi da girki, ita ta yi jinyata da na yi ƙyanda. Amma ko da Inna ba ta yi mini alkawari ba, ni na yi wa kaina. Na sa a raina tun da tare da shamuwa ta tafi, tare za su dawo. Da bazara ta yi, na riƙa tashi ina duba tsamiya kafin in wanke ido. Ran da ta farko ta sauka, na bar tallan da aka ɗora mini na tafi gindin kukar nan na wuni ina kallon hanya. Na dawo da magariba Iya ta tare ni da faɗa, amma na ga tuwon da ta tuƙa ya fi na mutum biyu. Na kan tsaya ƙarƙashin bishiya ina leƙen ƙafafun tsuntsayen, ko zan ga jar ƙasar da Inna ta faɗa a maƙale. Suka yi ƙwai, suka ƙyanƙyashe, suka tashi. Wata shekarar ma haka. Ana ta jin labarin yaƙi tsakanin Damagaram da Kano, fatake suka rage wucewa, wanda muka tambaya sai ya ce bai haɗu da ayarin Tanko ba.

Sai a damina ta uku Madugu ya dawo, ya rame, jakansa sun ragu. Ya aika a kira ni da Iya zaure. Ya fara da cewa tana raye, don ya ga Iya ta kasa zama. Ya ce sun tarar da tsohon garin kufai ne, mutanen sun koma can saman dutse. Uwarta ta rasu da daɗewa. Ɗan yana nan, ya zama saurayi, yana aikin ƙira. Da farko ya ƙi matsowa, don ya ga mace da shigar Hausawa, harshensu kuma ya karye a bakinta. Wata tsohuwa ce ta kama hannunta ta duba wani tabon ƙuna da ta samu tun tana yarinya, ta kira ta da sunanta na gida. Madugu ya ce a nan ya juya baya ya ba su wuri. Da ya biyo ta kasuwar zai dawo, ta sauko ta same shi, ɗan na riƙe da ita, don kurkunu ya kama mata ƙafa ba ta iya doguwar tafiya. Ta ce ya gaya mana tana sallarta ita kaɗai a saman dutsen, ta isar da saƙona, kuma in ƙafa ta warke, zuwansa na gaba za ta biyo shi.

Sannan ya ciro wata igiya ta ɓawon itace daga jakarsa, da ƙulli ɗaya kusa da ƙarshenta. Ya ce tsayin wana ne, ita ta auna shi da hannunta, ta ce a nuna mini. Iya ta taka gindin igiyar, Madugu ya miƙe ya ɗaga ta, ƙullin ya wuce kansa. Na tsaya a gefenta ina kallon sama. Iyakar ganin da na yi wa ɗan'uwana ke nan.

"Ta ce kuma a auna mata ke," in ji Madugu.

Iya ta shiga ɗaki ta yanko igiyar rama. Ta tsayar da ni jikin ginin zaure, ta ce in miƙe sosai in daina duƙar da kai kamar marainiya. Ta auna ta ƙulla, ta kwance ta sake aunawa, wai na farkon ta rage ni. Bayan kaka Madugu ya sa igiyar a jakarsa ya tafi.

Bai sake dawowa ba. Nasara suka shigo, hanyoyi suka rikice, ayarin kudu ya daina biyowa ta wajenmu. Daga baya muka ji ya rasu a ƙasar Bauci. Wani ya ce a hanyar zuwa ne, wani ya ce a hanyar dawowa, ban samu wanda ya tabbatar mini ba, ko da yake na tambayi duk bafataken da na haɗu da shi har na yi furfura. Iya Habsu ce ta aurar da ni, a hannuna kuma ta cika. Na haife ku, na ga 'ya'yanku, bayana ya tanƙware. Ran da aka auna ni, iyakata kafaɗar Iya. In igiyar ta isa hannun Inna, to a wannan tsayin ta san ni har ta koma ga Allah.